Habu Mai Riƙon Igiya

Na daɗe ina jujjuya wannan magana kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai tsoron kuskure. Sau da yawa nakan fara, sai in tuna cewa cikin waɗanda zan ambata akwai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ba su da bakin kare kansu, sai in ajiye biron. Har wurin limamin unguwarmu na je na tambaya ko wannan zai shiga cikin giba. Ya ce idan gyara nake nufi in rubuta, amma kada in ƙara ko in rage. Abin da ya tilasta ni shi ne wata magana da na ji bana, wadda ta shafi wani mutum da muka yi aiki tare, Malam Habu. Shekaru masu yawa ke nan yana ɗauke da mutuwar abokin aikinmu a wuyansa. Yanzu an gano abin ba yadda ya zata yake ba, ni kuma ban san inda yake ba balle in kai masa labari.

Sana'ata haƙar rijiya ce da yasarta, tsakanin Birnin Kudu da ƙauyukan Gwaram. Samarin da kuka shigo wannan aiki yanzu, ku nake so ku fi kowa saurara. Kwanan baya na wuce wani gida ana yasar rijiya, na ga wanda aka bar wa igiya ya naɗa ta a ƙafa, yana zaune yana danna waya. Da na yi masa magana sai ya ce, "Baba, ai na cikin ramin shi ne mai aiki, ni jira kawai nake yi." Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma da irin wannan tunani na fara.

Rijiyar farko da na sa hannu a cikinta ta wani masallaci ce a Kwandiko. Ubangidana Malam Iliya, mutumin Gwaram, shi ya kafa turke a tsakiyar fili, ya ɗaura zare ya zagaya, ya fitar da bakin rijiyar. Ni aikina a lokacin kwasar ƙasa ne in kai nesa, don idan aka tara ta a bakin rami nauyinta yakan sa gefe ya zube. A nan na koyi cewa ƙasa hawa-hawa ce. Akwai jar ƙasa ta sama mai daɗin haƙa, sai marmara mai cin bakin diga, sai laka, sai yashi. Yashi shi ne abin tsoro, domin yana zubowa ba tare da ya yi ƙara ba, sai an saukar da kwalbati an tare shi. Kayan aikinmu ba su da yawa: diga mai gajeren ƙota saboda ƙuncin rami, dagi, shebur, guduma, gugan ƙarfe na fitar da ƙasa, fitilar ƙwai, da igiya biyu. Mai haƙa yana sauka yana sassaƙa wurin taka ƙafa a jikin bango, dama da hagu. Idan ya karkace kaɗan a sama, kafin a kai ruwa rijiyar ta zama kamar ƙahon sa.

Mu biyar ne. Malam Iliya ya san ƙasa, yana ɗanɗana laka ya gaya maka ruwa ya kusa, amma yana da zafin rai. Sabo ƙarfi gare shi kamar ingarma, bakinsa kuma ba linzami. Idi Bafulatanin Farin Dutse ne, siriri, shi muke sakawa inda rami ya matse. Sai ni. Sai Malam Habu, wanda ban taɓa ganin ya shiga rami ba sai in dole ta kama. Shi ke riƙe igiya.

Da farko na ɗauka Malam Iliya tausayinsa yake ji ya bar shi a cikinmu. Sai a hankali na lura da abin da yake yi. Kullum shi ke riga kowa zuwa. Zai warware igiya ya bi ta da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, in ya ji zare ɗaya ya tashi sai ya yanke ya sake tufka wurin. In an tashi aiki ya shanya ta, ya rataye a reshe saboda gara. In an kawo abinci shi ke rabawa, kuma kullum nasa ne ƙarami, in ka yi magana ya ce ya karya da nauyi a gida. Wanda matarsa ta haihu, Habu ne zai tuna wa sauran a je barka. Wanda ya makara, kafin Malam Iliya ya buɗe baki Habu ya riga ya ce, "Na ji jiya ɗansa ba lafiya." Ba ƙarya yake yi ba, shi kaɗai ne yake tambayar mutum gida.

Sannan shi ne mai kai magana tsakanin Malam Iliya da Sabo, waɗanda ba sa iya jimla uku ba su ɗaga murya ba. Malam Iliya zai leƙa rami ya ce, "Habu, gaya wa jakin can ya karkatar mini da bango, ko makaho ya fi shi." Habu zai sunkuya ya ce, "Sabo, Maigida ya ce sannu da ƙoƙari, amma ka ɗan duba gefen gabas."

"Haka ya ce? Ni dai na ji jaki."

"Rami ne, yana sauya magana. Gyara gabas ɗin."

Sabo zai yi tsaki, ya gyara.

Amma babban aikinsa surutu ne. Daga lokacin da mutum ya sauka har ya fito, Habu ba ya rufe baki, kuma ba ya yarda na ƙasa ya yi shiru. Ya fi jin daɗin Idi, domin Habu ya ce shi kakarsa Babarbariya ce, saboda haka yana da ikon tsokanar kowane Bafulatani.

"Kai ɗan Fulani, me ka sha da safe?"

"Abin da kakarka ba ta taɓa gani ba."

"To nono ke nan. Na saniyar nan taka mai kama da akuya?"

"Ta fi gonarka daraja. Ja gugan, tsoho, ka cika ni da surutu."

"Zan ja. Surukarka ta yafe maka kazar da ka take?"

Haka za su wuni. Wani maigida da muka yi wa aiki a cikin Birnin Kudu ya taɓa aiko da tuwo na mutum huɗu, ya ce shi bai ga ma'aikaci na biyar ba, mai ba da labari ya gani. Malam Iliya ya tura kwanonsa gaban Habu ya ce a gaya wa maigidan wanda bai ci ba shi ne shugaban aikin. Habu ya raba tuwon biyar kafin ɗan aiken ya juya, ya roƙe shi kada ya kai maganar.

Wata rijiya a Farin Dutse ce ta buɗe mini ido. Mun yi nisa sai muka tarar da dutse, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Yadda muke yi shi ne a hura wuta a kansa ya yi zafi, a kwara ruwa ya tsage, sannan a bi da guduma. Bayan wuta ba a shiga sai an gwada iska. Habu zai kunna fitila ya ɗaura a igiya ya saukar a hankali. In ta mutu, sai a ɗaure reshen maina, wato darbejiya, mai ganye a yi ta sama da ƙasa da shi har iska ta sauya. Ranar fitila ta dawo da wutarta, ƙarama dai amma tana ci, Sabo ya sauka. Ana cikin aiki Habu ya ce, "Sabo, an ce jiya matarka ta kore ka ka kwana a zaure." Daga ƙasa sai muka ji, "To." Habu ya miƙe tsaye. Ya ce, "Sabo, ɗaura igiya a ƙugu." Sabo ya ce lafiyarsa lau. Habu ya ce, "Na sani, ɗaura dai, Maigida ke son ganinka." Muka jawo shi yana gunaguni, yana taka bakin rijiya ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya yi ta amai.

Da yamma na tambayi Habu yadda aka yi ya sani. Ya ce, "Ni ba maganar nake saurare ba, muryar nake saurare. Mutum in iskar rami ta fara kama shi ba ya sani, zai rantse maka lafiyarsa lau. Zagi ne yake fara raguwa. Sabon da na ce matarsa ta kore shi ya ce mini to, ai ba Sabo ba ne."

Wannan shi ne riƙon igiya. Sai ka san kowa, ka san abin da ke ba shi haushi da abin da ke ba shi dariya, ka san sunan 'ya'yansa. Ba kowa ke iyawa ba, kuma wanda ya iya ba a cika ganin aikinsa ba, domin ranar da ya yi shi daidai ba abin da ke faruwa.

Mummunar shekarar ta zo ne bayan rijiyoyin burtsatse sun yawaita. Masu hali sun daina kiranmu sabon haƙa, sai yasa da ƙara zurfin tsofaffin rijiyoyi. Ga shi damina ta ɗauke da wuri, ruwa ya gudu ƙasa, kowa yana son a gama masa yau-yau. Aiki ya yi wuya, samu ya ragu, rai ya yi ta ɓaci. Sabo ya fara zuwa ƙananan ayyuka shi kaɗai da kayan aikinmu ba tare da ya faɗa ba. Habu ya sani, yana ta lallashinsa ya daina kafin Maigida ya ji.

Wani mai lambu a yankin Kiyako ya kira mu mu ƙara wa rijiyarsa zurfi, tumatirinsa na bushewa. Ranar da muka je dubawa akwai ruwa a ƙasanta da zai kai ƙugu, muka ce gobe za mu fara da kwashe shi. Da muka dawo da hantsi sai muka tarar saura taɓo. Mai lambun ya ce yaransa ne suka ɗebe da guga suka yi ban ruwa. Muka yi murna an rage mana wahala. Habu ya saukar da fitila ta dawo tana ci. Ya ce shi dai bai saba ganin guga ya ƙafar da rijiya haka ba, ya sake saukarwa, ta sake dawowa tana ci sosai. Idi ya sauka.

Ni ba na wurin lokacin da faɗan ya fara. Malam Iliya ya ɗauki dagi ya ga bakinsa ya dakushe, ya aike ni wurin maƙeri a cikin gari. Ashe bayan tafiyata ya tambayi wanda ya dakusar da shi, magana ta fito. Ina dawowa na hango su a can gefen lambu, Malam Iliya ya ɗaga ƙotar diga, Sabo ya riƙe shebur, Habu yana tsakaninsu ya dafa ƙirjin kowanne yana cewa, "Maigida, don girman Allah. Sabo, ubanka ne fa, ajiye." Bakin rijiya ba kowa. Igiya tana ɗaure a jikin gungumen da muke gittawa.

Na tabbata ba a daɗe ba. Sabo na sauke shebur, Habu ya juya da gudu, tun kafin ya isa yake kira, "Ɗan Fulani! Kai ɗan Fulani, barci kake?" Shiru. Ya ja igiya, sai guga ya taso rabi da taɓo. Mai haƙa in ya isa ƙasa yakan kwance igiya daga ƙugunsa ya ɗaura wa guga, haka kowa ke yi. Muka leƙa muka hango Idi a zaune ya jingina da bango, kansa a sunkuye.

Ni na fi kusa da shi a sirantar jiki, sai na ɗaura igiya ta biyu na sauka da ta Idi a hannu. Ban ji warin da ya tsorata ni ba, in ma akwai, taɓo ya rufe shi. Habu yana ta yi mini magana daga sama. Na zura igiyar Idi ta ƙarƙashin hammatarsa na ƙulla. Ina jin Habu yana cewa, "Haruna, yaya sunan 'yarka ta fari?" Na san na ji tambayar, na kuma san ina da 'ya, amma sunan ya ƙi zuwa, kuma ban damu ba, zama kawai nake so in yi. Daga baya aka gaya mini Malam Iliya yana ihu a fara jawo Idi, Habu ya ce a'a, Haruna tukuna. Bai taɓa musa wa Maigida a gaban mutane ba sai ranar. Na farfaɗo a ƙarƙashin mangwaro ana zuba mini ruwa. Idi yana kwance a gefena an rufe shi da rawanin Malam Iliya.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Mahaifiyar Idi da kanta ta ce wa Habu, "Ɗana, ba kai ka ba shi rai ba, ba kai ka karɓa ba." Ya durƙusa ya ce, "Na gode, Inna." Amma da muka fito ya ce mini, "Fitila ta ce iska lafiya, sau biyu. To ashe ciwo ne ya kama shi a hankali, ya yi ta kira ba kowa. Idi bai taɓa kira ban amsa ba." Na ce ai da bai je rabon faɗan ba da an fasa kan wani. Ya ce, "Ba a ba ni kan kowa in riƙe ba, igiya aka ba ni."

Bai sake zuwa aiki ba. Da damina ta sauka ya je Farin Dutse ya nome gonar Idi, ya yi maimai, ya girbe, ya ɗaure dammunan ya zuba a rumbun marayun. Bayan nan ya mai da matarsa da ƙaramar 'yarsa wurin danginta, ya ce zai je ci-rani. Da farko yakan yi aike ta hannun direbobi. Daga baya matar ta rasu, aiken ya yanke.

Mu kuwa ba mu kai wani rani a tare ba. Ba wani babban abu ne ya raba mu ba. Wata safiya aka warware igiya aka ga gara ta ci tsakiyarta, kowa ya ce ya zaci wani ya rataye. Abinci in ya zo sai an yi ƙorafi. Malam Iliya ya ce jaki, Sabo ya ji jaki, ba mai cewa rami ne. Ɗan Sabo ya kwanta asibiti ba wanda ya sani a cikinmu sai da aka sallame shi, Sabo ya riƙe abin a ransa. Ni aka ba igiya, kuma ban iya ba. Ina jin shiru kaɗan sai in jawo mutum, har masu haƙa suka ce ba za su yi aiki da ni ba, ina ɓata musu lokaci. In na yi tsokana kuma sai ta fito kamar tambayar alƙali. Sabo ya tafi nasa wuri, Malam Iliya ya sayar da kayan aiki ya koma gona har Allah ya karɓi ransa. Ni na koma buga bulo, ina taɓa yasa in an matsa mini.

Bana, bayan ƙaramar salla, wani mutum ya zo ya same ni a wurin bulo. Ya ce shi ɗan mai lambun nan ne na Kiyako, mahaifinsu ya rasu, kuma kafin ya cika ya bar musu magana su isar. Ba guga ne ya kwashe ruwan ba. Ranar, bayan sallar asuba, mai lambun ya aro injin ban ruwa, tiyon bai kai ƙasa ba, sai ya ɗaure injin da igiya ya zura shi cikin rijiyar, ya bar shi yana aiki a ciki har ruwa ya ƙare. Ya fitar ya mayar kafin mu iso. So yake a gama da wuri, bai san da wata illa ba. Da abin ya faru tsoro ya hana shi faɗa. Ban rubuta wannan don a zage shi ba, ya tafi inda za a yi masa hisabi da adalci, Allah ya gafarta masa.

Ban yarda da fahimtata ba, sai na je na tambayi wani ma'aikacin asibiti da muke salla tare. Ya ce hayaƙin inji ba kamar iskar da muka saba da ita ba ne. Yana iya kwanciya a rami ya kashe mutum alhali fitila tana ci. Kuma yana kashe jiki ne da hankali tare, mutum ya ji kasala ya zauna, sau da yawa ba ya ma tunanin kira. Na san wannan gaskiya ne, domin na zauna a inda Idi ya zauna. Samari, ku riƙe wannan: rijiyar da inji ya yi aiki a cikinta, fitila ba ta isa shaida ba. Ku tambayi mai rijiya, ku sake tambaya.

Saboda tsoron Allah ba zan ce da Habu yana bakin rijiyar ba abin da zai sauya ba. Wataƙila da ya ji muryar ta canza. Wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne, abin da ya fi cinsa, wato Idi ya yi ta kiransa ba amsa, da wuya in ya faru. An ɓoye masa abin da ke cikin ramin, ya gwada da abin da aka koya masa har sau biyu, kuma ni da nake rubutun nan kunnensa ne ya fito da ni.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta. Sunansa Habu, mutumin Kwandiko, gajere ne baƙi, yanzu zai yi furfura sosai. Tafin hannunsa na dama yana da tabon igiya daga gefe zuwa gefe. An taɓa ce mini an gan shi wajen Ningi yana aiki da magina, wani kuma ya ce a wata kasuwar hatsi ta ƙasar Bauci cikin 'yan dako, ban tabbatar ba. Ba zai gaya muku ya taɓa haƙar rijiya ba. Amma in kuna da wani dattijo a wurin aikinku wanda ba shi ne shugaba ba, ba shi ne gwani ba, kuma in bai zo ba ranar sai an yi faɗa, ku dubi hannunsa. In shi ne, ku karanta masa wannan tun daga zuwan ɗan mai lambu, a hankali, ku maimaita in ya nema. Sannan ku aiko da labari wurin masu buga bulo a Birnin Kudu, a ce a gaya wa Haruna mai rijiya. In kuma ya rasu, ku gaya mini garin da aka binne shi, da wanda ya yi jinyarsa. Mahaifiyar Idi tana nan da rai, idonta ya tafi, kuma duk lokacin da na je gaishe ta, kafin ta tambayi iyalina sai ta ce, "Haruna, an ji ɗuriyar Habu?"